Ƙungiya mai sunan shammam ta doke Barcelona: fashin baƙi kan gasar futsal ta Sifaniya

A watan Yunin 2025 wani labari ya yi ta yawo a wayoyin masu bin ƙwallon Sifaniya, cewa Barcelona ta sha kashi a wasan ƙarshe na gasar ƙasa a hannun wata ƙungiya wai ita Jimbee Cartagena. A majalisarmu magoya bayan Madrid har sun fara gyara murya za su yi tsiya, sai wani ya tuna musu cewa ai Barcelona ce ta ɗauki La Liga a wannan kakar, kuma kowa ya ga bikin. Aka tsaya ana kallon-kallo. To wace gasa ce kuma Barcelona ta rasa? Wace ce Jimbee? In gasar Sifaniya ce da gaske, ina Real Madrid ta shiga?

Labarin gaskiya ne, sai dai ba ƙwallon da muka saba kallo ba ce. Futsal ce, ƙwallon da ake bugawa a cikin rufaffen zaure, wadda mutanen Sifaniya ke kira fútbol sala. Tana da gasarta tun 1989, da zakarunta, da rigingimunta. Wanda ya shiga cikinta da idon La Liga zai yi ta ɓata hanya, domin a nan girman suna ba ya cin kofi. Abin da ke ci shi ne wanda ke biyan albashi, da kuma tsawon lokacin da zai jure yana biya.

Futsal ba ƙwallon fili ce da aka rage wa tsawo ba

Kuskure na farko shi ne ɗaukar futsal a matsayin irin wasan 'yan biyar-biyar da matasa ke haɗa kuɗi su kama filin ciyawar roba su buga da daddare. Adadin 'yan wasa ne kawai ya zo ɗaya: biyar a kowane ɓangare, har da mai tsaron gida. Sauran duk daban ne.

Ana buga ta a kan daɓe mai santsi, na katako ko na roba, tsawonsa wajen mita 40, faɗinsa 20. Raga mita 3 ce a faɗi, 2 a tsayi. Ƙwallon ta fi ta fili ƙanƙanta, kuma ba ta tashi. In aka sake ta daga tsayin mita 2, doka ta ce kada ta yi tsalle fiye da santimita 65. Shi ya sa za ka ga ɗan futsal yana tare ƙwallo da tafin ƙafa, ya taka ta, ya ja ta baya kamar mai murza tsakuwa, abin da kocin ƙwallon fili zai yi wa yaro faɗa a kai.

Minti 20 ake yi sau biyu, amma da zarar ƙwallo ta fita ko an busa, agogo ya tsaya, don haka ba wanda zai kwanta yana birgima don cin lokaci. Babu satar gida. Babu jifa da hannu daga gefe, da ƙafa ake bugowa, kuma cikin daƙiƙa 4. Canji ba shi da iyaka, ana yin sa wasa na tafiya, wanda ya fita yana iya dawowa. In aka ba ɗan wasa jan kati, ƙungiyarsa za ta yi minti 2 da mutum huɗu, ko kuma har a zura mata ƙwallo, sannan ta cike gurbin da wani.

Dokoki biyu ne suka fi canza kamannin wasan. Ta farko ita ce tara laifi. Ana ƙirga laifuffukan kowace ƙungiya a kowane rabin lokaci, daga na shida kuma duk laifin da ta yi, abokan karawa za su sami bugu daga mita 10, babu katanga, daga kai sai mai tsaron gida. Ƙungiyar da ta cika biyar tun saura minti takwas, 'yan bayanta sai su koma kamar masu tafiya a kan ƙwai, kowa na ɓoye ƙafarsa.

Ta biyu ita ce mai tsaron gida na aro. In ana cin ƙungiya, lokaci kuma na ƙurewa, koci zai fitar da golansa, ya sa wa wani ɗan wasa rigar gola, su haura su biyar su kewaye mutum huɗu. Ragarsu tana can a buɗe ba kowa. Suna ta zagaya ƙwallo daga kusurwa zuwa kusurwa, 'yan kallo sun miƙe tsaye, masu tsaro sun dunƙule a bakin raga kamar kaji sun ga shaho. Ƙwallo ɗaya ta kuɓuce, golan ɗaya ɓangaren ya cafke, ya ɗaga kai, ya aika ta tun daga gidansa har cikin ragar da ba mai tsaro. A minti biyun ƙarshe wasan da ke 2 da 1 yana iya tashi 2 da 2, yana kuma iya tashi 5 da 1.

Yadda aka kai ga 1989

Asalin wasan daga Montevideo ne, babban birnin Yurugwai, inda wani malamin motsa jiki, Juan Carlos Ceriani, ya tsara shi a 1930 domin yara su samu abin bugawa a zauren ƙwallon kwando. Brazil ce ta rungume shi ta raine shi. Shekaru da dama ba FIFA ke riƙe da shi ba, wata hukuma ce daban mai suna FIFUSA, wadda aka kafa a 1971, ta kuma shirya gasar duniya ta farko a 1982 a São Paulo. Da FIFA ta ga wasan na tara jama'a sai ta sa hannu, ta shirya tata gasar duniyar a 1989 a ƙasar Holan.

Wannan ja-in-ja ta sauka har Sifaniya. A shekarun 1980 gasa biyu ake yi a ƙasar, ɗaya a ƙarƙashin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin wata hukuma ta futsal zalla, kowace da zakaranta. A 1989 ƙungiyoyin ɓangarorin biyu suka haɗu suka kafa Liga Nacional de Fútbol Sala, wadda ake taƙaitawa da LNFS. Daga nan ake fara ƙirga zakaru. Babban rukunin ya daɗe ana kiransa División de Honor, sai a 2011 aka mayar da shi Primera División.

Sunan ƙungiya, sunan mai ɗaukar nauyi

Wanda ya duba jerin zakarun zai zaci ƙungiyoyi ne barkatai. Interviú Lloyd's, Interviú Boomerang, Inter Movistar: duk ƙungiya ɗaya ce. Wani shahararren ɗan jaridar rediyo, José María García, ya kafa ta a 1977 a yankin Madrid. Interviú sunan mujalla ne, Boomerang tambarin kayan wasanni, Movistar kamfanin waya. Duk wanda ya kawo kuɗi, sunansa ne ke hawa kan ƙungiyar. ElPozo Murcia sunan kamfanin sarrafa nama take ɗauke da shi. Jimbee kuwa, wadda ta doke Barcelona, tambarin wani nau'in shammam ne da ake nomawa a yankin Cartagena. Ka ga ba ƙarya na yi a kanun ba.

Dalilin haka a bayyane yake. Zauren da ke ɗaukar mutum dubu uku ko biyar ba zai tara kuɗin ƙofa da zai biya ƙwararrun 'yan wasa ba, kuɗin talabijin kuma bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ƙungiya tana rayuwa ne a kan kamfani guda, ko bankin gari, ko tallafin hukumar yanki.

Shekaru goman farko sun nuna amfanin wannan tsari. Inter ta ci biyun farko, 1990 da 1991, daga nan kofin ya shiga yawo: Caja Toledo a 1992, Marsanz Torrejón a 1993, Maspalomas ta tsibiran Kanari a 1994, Pinturas Lepanto ta Zaragoza a 1995. Inter ta dawo a 1996, Talavera ta karɓa a 1997, ElPozo a 1998, Caja Segovia a 1999, sannan Playas de Castellón ta ci biyu a jere, 2000 da 2001. Garuruwan da ba su taɓa mafarkin ganin kofin La Liga ba, sai ga su da zakaran ƙasa. A wannan zamanin ne kuma Sifaniya ta ci kofin duniya na futsal sau biyu, 2000 a Guatemala da 2004 a Taiwan, tun kafin takwarorinsu na fili su ci nasu a 2010.

Illar tsarin ta fito daga baya. Caja Segovia sunan bankin ajiya ne na garin Segovia. Ƙungiyar ta yi tashe, a nan mai tsaron gida Luis Amado ya yi suna kafin ya koma Inter, har a 2011 ta kai wasan ƙarshe. Amma rikicin tattalin arzikin da ya fara a 2008 ya cinye bankunan ajiya na Sifaniya, aka narkar da na Segovia cikin wani babban banki mai suna Bankia, famfo ya ƙafe. A 2013 ƙungiyar ta bar babban rukuni, ba don an fi ta iya ƙwallo ba. Playas de Castellón, wadda ta ci kofin Turai na UEFA biyu na farko a 2002 da 2003, ita ma ta dusashe. Yawancin zakarun shekarun 1990 yau sai dai a littafin tarihi. Kowa ya hau dokin aro, ya san ba shi zai zaɓi ranar sauka ba.

Inter da ElPozo, sannan Barcelona ta shigo da jakarta

Ƙungiyoyi biyu ne suka yi dacen masu gida da ba su gaji ba. Daga 2002 zuwa 2010 ba wanda ya taɓa kofin sai su. Inter ta ci huɗu a jere daga 2002 zuwa 2005, ta ƙara a 2008. ElPozo ta ci 2006, 2007, 2009 da 2010, duka huɗun a hannun koci ɗaya, ɗan Brazil da ake kira Duda. A riƙe sunan nan, za mu dawo kansa. Karawar Inter da ElPozo ita ce El Clásico ta futsal a wancan lokaci, kuma har yau tsofaffin masoya wasan haka suke ɗaukarta.

Barcelona ta daɗe da sashen futsal, amma yana can a yashe, har rukuni na biyu ya sha zama. Da shugabannin kulob ɗin suka yanke shawarar zuba masa kuɗi, sai lissafi ya canza, domin ita ba ta dogara da mai sayar da nama ko shammam ba, daga babbar tukunyar ƙwallon fili take ɗiba. A 2011 ta ci gasar karo na farko ƙarƙashin Marc Carmona, ta maimaita a 2012 da 2013.

Inter ta mayar da martani da koci Jesús Velasco da kuma ɗan Fotugal Ricardinho, wanda ya zo a 2013. In ka taɓa ganin bidiyon wani gajere yana ɗaga ƙwallo ta kan mai tsaro ya zagaya ya narka ta a raga, da wuya in ba shi ba ne. Sau shida aka zaɓe shi gwarzon ɗan futsal na duniya. Tare suka ci gasar sau biyar a jere, 2014 zuwa 2018, abin da ba a taɓa yi ba. Barcelona, da ɗan gabanta Ferrao na Brazil, ta karɓe a 2019, ta kuma ci 2021, 2022 da 2023. Biyun ƙarshen ma Velasco ɗin ne ya ci mata, bayan ya sauya sheƙa.

Zuwa ƙarshen kakar 2025, Inter na da kofi 14, Barcelona 7, ElPozo 5.

Real Madrid kuwa ba ta cikin gasar sam. Ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando kaɗai take riƙe da su, yayin da Barcelona ke da ƙwallon hannu da futsal da sauransu. Wasu kulob-kulob na La Liga sun gwada, kamar Real Betis da Levante, har Levante ta kai wasan ƙarshe a 2021. Mai goyon bayan Madrid da ke neman inda zai jingina a futsal, sai dai ya ara Inter, tunda aƙalla a yankin Madrid take, a garin Torrejón de Ardoz.

Zakaran Turai sau uku, bai taɓa zama zakaran gida ba

Wani abin da ke rikita mutane shi ne yadda ake fitar da zakara. Ƙungiyoyi 16 ne, kowace ta kara da kowace gida da waje, wasa 30. Amma wanda ya ƙare a saman teburi bai ci komai ba tukuna. Takwas na sama ne ke shiga zagayen fitar da gwani, wasan ƙarshe kuma ba sau ɗaya ake buga shi ba, wanda ya riga cin uku cikin biyar shi ne zakara. Amfanin saman teburi shi ne ka fi samun wasa a gidanka.

Sau ɗaya matsayin teburi ya yi aiki kai tsaye. A 2020, saboda korona, aka tattara ƙungiyoyin a Málaga, aka buga wasa ɗai-ɗai ba 'yan kallo. Wasan ƙarshe tsakanin Inter da Valdepeñas ya tashi 3 da 3, aka miƙa wa Inter kofi domin ita ce a sama a teburi. Valdepeñas, ƙungiyar wani ƙaramin gari, ta rasa kofin ƙasa ba tare da an doke ta a wasan ƙarshe ba. Doka ce da kowa ya sani tun kafin a fara, amma ni dai har yau abin na yi min ɗaci.

Wannan tsari ne ya haifar da labarin Palma Futsal ta tsibirin Mallorca. A 2022 ta kai wasan ƙarshe, Barcelona ta doke ta, amma matsayi na biyun ya ba ta gurbi a gasar zakarun Turai. Ta je ta cinye kofin a 2023. Mai riƙe da kofi yana da gurbinsa a ajiye, ta koma ta sake ci a 2024, ta doke Barcelona ɗin a wasan ƙarshe, ta ƙara na uku a 2025, duk a hannun koci Antonio Vadillo. Amma har zuwa 2025 ɗin ba ta taɓa cin gasar Sifaniya ba. A Turai, in an kai matakin ƙarshe, wasa biyu ne a ƙarshen mako guda, kusa da na ƙarshe da na ƙarshe, in ka yi dace ka shirya da kyau, shi ke nan. A gida kuwa sai ka doke babbar ƙungiya sau uku cikin kwanaki kaɗan, nan ne mai yawan 'yan wasa a benci ke fin ƙarfi.

Kofunan sili-ɗaya-ƙwale su ne rabon ƙanana. Jaén ta ci Copa de España a 2015, 2018 da 2023. A 2022 ma UMA Antequera, ƙungiyar da ke da alaƙa da jami'ar Málaga, ta ci Copa del Rey tana rukuni na biyu.

Gasar ta wace ce?

Shekara talatin ƙungiyoyin ne ke tafiyar da gasarsu ta hannun LNFS. A 2019 hukumar ƙwallon ƙafa ta Sifaniya, lokacin Luis Rubiales na shugabanta, ta ce ta karɓe ragamar. Shugaban LNFS a lokacin shi ne Javier Lozano, kocin da ya ci wa ƙasar kofunan duniya biyun nan.

Hujjar hukuma ta doka ce: a Sifaniya gasar da gwamnati ta ayyana a matsayin ta ƙwararru ce kawai ke cin gashin kanta, kamar La Liga, futsal kuwa ba ta da wannan matsayi a lokacin, don haka a ƙarƙashin hukuma take. Hujjar LNFS ta gumi ce: mu muka ɗauko wasan nan tun ba wanda ke kallonsa, muka nemo masu talla da gidajen talabijin, sai da ya yi ƙiba za a ce na wani ne? A ƙarƙashin duka maganganun akwai kuɗin haska wasanni, ga kuma tsohuwar gabar da ke tsakanin Rubiales da shugaban La Liga, Javier Tebas, wadda ta fantsamo har nan. Ƙungiyoyi suka rabu, wasu suka miƙa haƙƙin haska wasanninsu ga hukuma, wasu suka tsaya da LNFS.

A ganina LNFS ta fi gaskiya a tarihi, hukuma ta fi ta a takarda. Wanda ya ji a jikinsa shi ne mai kallo, wanda sai ya bincika wace tasha ce ke da wasan wannan makon, da kuma ƙaramar ƙungiya da ke son nuna wa mai talla cewa za a ga sunansa a talabijin.

Ina abin ya shafe mu?

Najeriya ta taɓa zuwa gasar futsal ta duniya, a 1992 a Hong Kong, daga nan ba a sake ganinta a can ba. A Afirka Masar ce ta fara mamaye wasan, ta ci kofin nahiya a 1996, 2000 da 2004, Libiya ta ci 2008. Yanzu Maroko ce ke jan zarenta: 2016, 2020 da 2024, a hannun koci Hicham Dguig, kuma ta kai zagayen 'yan takwas a gasar duniya ta 2021 da ta 2024. Maroko tana da gasar cikin gida da ake bugawa kaka bayan kaka, ga zaurukan da aka tanada.

Yaron da ya tashi yana buga ƙwallo a lungu, duwatsu biyu ne ragarsa, bango na dama kwata na hagu, ya riga ya koyi rabin futsal bai sani ba: taka ƙwallo, juyawa a wuri kaɗan, ba da ita da sauri kafin a murƙushe shi. Abin da babu shi ne daɓe, da alƙali mai ƙirga laifi, da gasar da za ta kai shekara biyar ba ta mutu ba. Filin futsal bai kai kashi ɗaya cikin takwas na babban fili ba, kuma zauren da ake ƙwallon hannu a cikinsa girmansu ɗaya. Sai dai duk mai kuɗin da ke sha'awar ɗora sunan kamfaninsa a kan ƙungiya, ya fara karanta labarin Segovia.

Komawar Duda

A 2018 Duda ya bar ElPozo bayan shekaru kusan goma sha bakwai yana horar da ita. Tun kofinsa na 2010 ƙungiyar ba ta sake cin gasar ba. Daga baya ya gangara Cartagena, garin da ke bakin teku kimanin kilomita 50 daga Murcia, a yanki ɗaya, masu tsohuwar gasa da juna a kusan komai. Cartagena ta daɗe a gasar ba ta taɓa ci ba, kamfanin shammam kuma bai jima da ɗaukar nauyinta ba.

Ya ɗauki shekaru yana gini. A 2024 ya kai ta wasan ƙarshe, kuma wadda ya tarar tana jira ita ce ElPozo. Ya doke tsohon gidansa, Cartagena ta ci kofin farko a tarihinta, karo na farko tun 2001 da wata ƙungiya ban da Inter, ElPozo da Barcelona ta ɗaga shi. A 2025 ya sake kai ta, wannan karon Barcelona ce a gaba, ita ma ta bi sahu. Labarin da ya iso majalisarmu ke nan, har 'yan Madrid suka so yin tsiya da kofin da ƙungiyarsu ba ta ma shiga nemansa ba.